Amsoshin Tambayoyinku: Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Guangzhou?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. A watan Janairun da ya wuce na yi tafiyata ta farko zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro kaya, muka bi ta Addis Ababa. Ga abin da ya ɗaure mini kai. A zuwa mun tashi daga Addis ƙarfe 12:30 na dare, muka sauka 3:30 na yamma, awa 15 ke nan. A dawowa mun tashi daga Guangzhou 12:30 na dare, amma 6:30 na safe muna Addis, awa 6 kacal. Ni kuwa a jikina na ji dawowar ta fi tsawo. Maƙwabcina a kasuwa ya ce duniya ce ke juyawa a ƙarƙashin jirgi, shi ya sa dawowa take sauri. Shin haka ne? Sannan kilomita nawa ne tsakanin Kano da Guangzhou, kuma awa nawa ya kamata tafiyar ta ci? Na haɗo da hoton tikitina. Daga wani mai karatu, Kano.

Amsa: Allah ya ƙara buɗi, ya sa kayan da aka saro su karɓu. Na duba hoton tikitin, kuma zan fara da abin da zai kwantar maka da hankali: jikinka bai yaudare ka ba. Dawowar ce ta fi tsawo, da awa ɗaya cur. Shi ma tikitin bai yi ƙarya ba, sai dai da agogo uku yake magana, bai kuwa gaya maka ba.

Ƙa'idar kamfanonin jiragen sama a ko'ina ita ce, duk lokacin da ka gani a tikiti na garin da filin jirgin yake ne. Lokacin tashi da agogon garin da za a tashi, lokacin sauka da agogon garin da za a sauka. Addis Ababa tana gaban Kano da awa 2. Guangzhou tana gaban Addis da awa 5, wato tana gaban Kano da awa 7. Sa'ad da kake rufe shago ka tafi azahar da ƙarfe 1:30, a Guangzhou ƙarfe 8:30 ne na dare. Don haka daga awa 15 ɗin da ka ƙirga a zuwa, sai ka cire awa 5 na bambancin agogo, saura 10. A dawowa kuwa ƙarawa za ka yi: 6 da 5, awa 11. Haka abin yake a sauran tafiyar. Tikitinka ya nuna kun bar Kano 1:30 na rana kun sauka Addis 8:30 na dare. Awa 5 ce, ba 7 ba. Idan aka haɗa da awa 4 da kuka yi kuna jiran jirgi na biyu, daga Kano zuwa Guangzhou ka ci awa 19. A dawowa jiran ya ragu zuwa awa 3, zaman jirgi ya ƙaru zuwa 16, jimla ta sake zama 19.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka bar agogon hannunka a lokacin Kano har ka isa masauki, wayarka kuma ta riƙa sauyawa da kanta. Duk sa'ad da ka rikice, na hannun zai gaya maka tsawon abin da ka yi a hanya. Ka kuma kula idan ka tambayi mutumin Habasha ƙarfe nawa, domin a maganarsu ta yau da kullum daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Abin da muke kira ƙarfe 7 na safe, su ƙarfe 1 suke cewa. Tikiti da allunan filin jirgi dai da lissafin da ka sani suke aiki.

Sai maganar maƙwabcinka. Ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba, kuma tunani ne na mai lura da abubuwa. Gaskiya ne duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, kuma a daidai Kano gudun juyin ya haura kilomita 1,600 a awa, kusan ninki biyu na gudun jirgin da ka hau. Amma ba ƙasa kaɗai ke juyawa ba. Iskar da ta lulluɓe duniya tare suke tafiya, haka ma jirgin, domin tun yana tsaye a fili yake ɗauke da wannan gudu. Idan kana cikin jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Abuja ka cilla goro sama, a tafin hannunka zai dawo, ba zai je ya faɗa wa na kujerar baya ba. Da maganar maƙwabcinka haka take, da babu bukatar ƙona mai: jirgi mai saukar ungulu sai ya tashi a Kano ya tsaya cak a sama, bayan awa ɗaya da 'yan mintoci Bamako ta zo ta same shi. Ga shi kuma lissafin tikitinka ya nuna akasin abin da ya faɗa, tafiya yamma ce ta fi daɗewa.

Duk da haka bai faɗi ƙasa warwas ba, domin juyin duniya yana da hannu a lamarin, ta bayan gida. Rana ta fi dukan tsakiyar duniya. Iskar wurin sai ta yi zafi ta tashi sama ta nufi arewa da kudu, juyin duniya kuma ya karkatar da ita gabas. Sakamakon haka, a can sama wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, daidai inda manyan jirage ke tafiya, akwai wasu kogunan iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas. Gudunsu yakan kai kilomita 200 a awa, wani lokaci ya wuce 300, kuma sun fi ƙarfi a lokacin sanyi. Ɗaya daga cikinsu yana ratsa arewacin Afirka da yankin Larabawa da arewacin Indiya da kudancin Sin. A watan Janairu da ka yi tafiya, yana kan ganiyarsa.

Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a Yawuri ya san bambancin bin ruwa da haurawa. Shi ma jirgin sama a cikin iska yake iyo. Manyan jirage irin su Boeing 787 da Airbus A350 suna keta iska da gudun kusan kilomita 900 a awa, amma gudunsu a kan ƙasa ya danganta da inda iskar kanta ta nufa. Tsakanin Addis da Guangzhou kusan kilomita 8,000 ne. Mu ɗauka a tsawon hanyar iskar da ke tura jirgin ta baya ba ta wuce kilomita 50 a awa ba. Mai zuwa gabas zai riƙa cin 950, ya gama cikin awa 8 da minti 25. Mai dawowa zai riƙa cin 850, sai ya yi awa 9 da minti 25. Ga awa ɗayarka nan. Iska kaɗan ce, amma da yake tafiyar doguwa ce, sai ta taru ta yi yawa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne tekun Atlantika. Daga New York zuwa Landan kusan kilomita 5,500 ne, ana rubuta wa zuwa wajen awa 7, dawowa kuma wajen 8. A watan Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa da aka sa wa suna Ciara, wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 ya hau bayan kogin iskar ya iso Landan cikin awa 4 da minti 56. Matuƙa suna neman kogin idan za su gabas, suna kauce masa idan za su yamma, ko da kaucewar za ta ƙara musu kilomitoci. Shi ya sa da wuya hanyar zuwa da ta dawowa su zama ɗaya sak.

Akwai wani abu da ya shafi hanyarka musamman, wanda nake so ka gwada da kanka. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin daminarmu da daminar Indiya, kogin da ke zuwa gabas yakan ja ya koma arewa, wani kuma ya bayyana a saman kudancin Indiya da tekun Larabawa yana kwarara daga gabas zuwa yamma, har ya shigo Afirka. Idan ka sake tafiya a watan Yuli ko Agusta, za ka iya tarar da ratar awa ɗayan nan ta ragu ƙwarai, ko ma dawowar ta fi zuwan sauri. Ka ajiye tikitin Janairu ka kwatanta su.

Yanzu nisan. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Baiyun na Guangzhou, ta hanya mafi kusa, kimanin kilomita 10,900 ne. Kewayen duniya gaba ɗaya kusan kilomita 40,000 ne, ka ga tafiyarka ta ɗara rubu'in duniya. Idan ka ga wata manhaja ta ba ka 6,800, wata kuma 5,900, kada ka ce sun saɓa. Ta farko da mil take awo, wanda yake kilomita 1.609, ta biyu kuma da mil ɗin matuƙa jirgin ruwa da na sama, wanda yake kilomita 1.852.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda wannan hanya mafi kusa ta bi. Idan ka shimfiɗa taswirar bango irin ta makaranta ka aza rula daga Kano zuwa Guangzhou, layin zai bi ta Asmara, ya ratsa Yaman, ya faɗa Mumbai. Amma duniya ba faifai ba ce. Taswirar bango kamar ɓawon lemo ce da aka danne aka baje, dole wani wuri ya miƙe fiye da yadda yake. Awon gaskiya sai a kan taswira mai siffar ƙwallo. Ka sami zare, ka danne bakinsa ɗaya a Kano, ɗayan a Guangzhou, ka ja shi ya yi tsam. Za ka ga ya fita ta arewa maso gabas, ya bi ta Gigimi a Nijar, arewa da tafkin Chadi, ya keta hamada ya tsallake kogin Nilu kusa da Wadi Halfa a iyakar Sudan da Masar. Daga nan ya haye Bahar Maliya, ya wuce kudu da Madina kaɗan, ya bi ta kan Bahrain, ya gifta kudancin Iran da Pakistan, ya ratsa Delhi, ya hau duwatsun Himalaya daf da dutsen Everest, sannan ya gangaro ta lardin Yunnan zuwa Guangzhou. Wato sai zaren ya haura arewa fiye da Guangzhou kanta da kusan kilomita 600 kafin ya sauko mata.

Ka lura da farkon hanyar. Alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 daga arewa idan an juya ta gabas, hanyar Guangzhou kuma wajen digiri 64. Ashe duk sa'ad da ka tsaya salla a shagonka, da ka ɗan karkata hagu kaɗan, garin da kake saro kaya kake fuskanta. Lissafin alƙibla da lissafin hanyar jirgi abu ɗaya ne, kuma malaman falaki na Musulunci sun daɗe da warware shi, ƙarnuka kafin a ƙera jirgin sama. Al-Biruni ya yi rubutu a kansa tun ƙarni na 11. Wannan ne dalilin da ya sa masallatan New York ke kallon arewa maso gabas, alhali a taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da su.

A hanyarka bambancin layin rula da na zare bai wuce kilomita 200 da ɗoriya ba, domin garuruwan biyu ba su yi nisa da tsakiyar duniya ba. Inda abin ke girma shi ne tafiye-tafiyen arewa. Jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa Los Angeles arewa yake miƙewa, ya bi ta kusa da ƙuryar duniya mai ƙanƙara, sannan ya gangaro Amurka ta sama. Fasinja yana kallon allon kujerarsa yana ganin kamar an yi baka an zagaya da shi, alhali ita ce hanyar da ta fi gajarta.

Zaren nan kuma zai nuna maka wani abu da ya shafi aljihunka. Biranen da 'yan kasuwarmu suka saba sauya jirgi ba su kauce masa sosai ba. Ta Addis, kilomita 3,300 ne da 8,000, ƙarin bai wuce 400 da wani abu ba. Ta Alƙahira, 3,100 ne da 8,000, ƙarin bai wuce 200 ba. Doha da Dubai kuwa kusan a kan zaren suke zaune, wanda yana cikin dalilan da suka sa suka zama mahaɗar matafiya tsakanin Afirka da Asiya. Saboda haka idan ejan ya jera maka tikiti uku, ɗaya awa 19, ɗaya 24, ɗaya 31, ba nisan hanya ne ya bambanta su ba. Zaman jira ne. Wannan gurbin nake so ka fara dubawa kafin farashi, domin rangwamen da za a yi maka a kan kwana a benci, sau da yawa abinci da gajiya da ranar kasuwa guda da ka rasa sun cinye shi.

To me ya sa jirgi ba ya bin zaren sak? Mu da ke ƙasa muna ganin sama fili ce fetal, amma a wurin matuƙi tana da tituna da mararraba da shingaye. Kowace ƙasa ita ke da ikon samaniyarta, kuma akwai hanyoyi da aka shata waɗanda masu kula da zirga-zirga ke ɗora jirage a kai. A Sin, kaso mai yawa na sararin sama yana hannun soja, jiragen fasinja suna bin 'yan hanyoyin da aka bar musu, abin da ke jawo zagaye da jinkiri. Sannan ga duwatsu. Everest ya kai mita 8,849, tudun Tibet kuma mafi yawansa ya haura mita 4,000. Jirgi yana iya wuce su a sama, matsalar ita ce idan wani abu ya faru. Idan iskar cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko da gaggawa zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi, domin iskar da ke cikin abin rufe hancin nan da ke saukowa daga saman kujera ta 'yan mintoci ce. Haka idan inji ɗaya ya mutu, jirgin ba zai iya riƙe tsayinsa ba. A saman Tibet babu inda za a sauko, ƙasar ta riga ta fi wurin tsayi. Don haka yawancin jirage suna zagaye yankin. Naku daga Addis ba ya ma kusantarsa: yakan fita ta wajen Jibuti, ya bi tekun Larabawa, ya ratsa Indiya daga wajen Mumbai zuwa Kolkata, ya wuce Bangladesh da Myanmar ya shiga kudancin Sin.

Shingen da ya fi ciwo shi ne na yaƙi. Da faɗa ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 sai aka rufe samaniyar ƙasar, kuma Sudan ce ke kwance a tsakaninmu da gabas. Hanyar Kano zuwa Addis ta kan Darfur ta bi, haka ta Kano zuwa Jidda, mai kilomita 3,400, Sudan take ratsawa. Alhazan 2023 sun ga haka da idonsu: tafiyar da aka saba yi cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar ta ƙaru, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin kuɗi saboda man da zagayen zai ci. A watan Agustan shekarar, bayan juyin mulki, Nijar ma ta rufe nata sararin na kusan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka suka koma zagaye mai nisa. Can arewa kuma, tun 2022 da Rasha ta hana jiragen Turai bi ta kanta, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo ta tashi daga wajen awa 9 zuwa wajen 13. Ina faɗin wannan ne don ka san cewa ɗan lanƙwasar da ka gani a allon kujera bayan kun bar Chadi, akwai garuruwa a ƙarƙashinta da mutanensu suka watse, cikinsu har da Hausawan Sudan, jikokin waɗanda suka bi wannan hanya da ƙafa zuwa Makka suka zauna. Allah ya kawo musu ƙarshen fitinar.

Ga wani ɗan lissafi da zai yi maka amfani a kowace tafiya. Ka raba kilomitocin da 850, ka ƙara rabin awa. Addis zuwa Guangzhou zai ba ka kusan awa 10. Kano zuwa Jidda awa 4 da rabi. Kano zuwa Abuja, mai kilomita 360 da 'yan kai, kusan awa ɗaya. Dalilin rabin awar shi ne, lokacin da ke tikiti ba daga barin ƙasa yake farawa ba. Daga sa'ad da aka tura jirgin baya daga ƙofa ake ƙirgawa, har ya tsaya a ƙofar can. Tafiyar da yake yi a hankali zuwa titin tashi, da layin jiran izini, da hawa, da saukowa, duk suna ciki, kuma kamfanoni sukan ƙara 'yan mintoci na ko-ta-kwana. Shi ya sa za ka ji matuƙi ya ce tafiyar awa 9 da minti 20 ce, tikiti kuma ya ce 10, kowa da abin da yake aunawa. Da wannan lissafi, da akwai jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Guangzhou, da wajen awa 13 zai yi. Ba ƙarfin jirgi ne ya hana ba. Akwai mai tashi daga Singafo zuwa New York, kilomita 15,300, fiye da awa 18 ba sauka. Abin da kamfani ke dubawa shi ne ko zai cika kujeru wajen 300 a kai a kai daga gari ɗaya, shi ya sa ake tattaro fasinjojin Kano da Legas da Accra da Kinshasa a Addis a zuba su a jirgi guda.

Tashin tsakar daren da kuka yi ma yana da nasaba da wannan tattarowar, domin sai jiragen Afirka sun gama isowa da yamma. Yana kuma da nasaba da wurin da Addis take. Filin jirgin Bole yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, inda iska ba ta da kauri, fukafukai da injina ba sa samun abin kamawa kamar a bakin teku. Jirgin da ya sha mai ya ƙoshi ya fi samun sauƙin tashi da sanyin dare, lokacin da iskar ta ɗan yi nauyi. Saboda wannan tsayin ne jiragen da ke zuwa Amurka daga Addis suka saba yada zango a hanya su ƙara mai, alhali daga Washington sukan dawo kai tsaye, ga mai cike tun daga ƙasa, ga iska tana tura su.

Wani zai ɗauka jiragen yanzu sun fi na da gudu. Ba su fi ba. Boeing 707 da aka yi yayi a shekarun 1960 gudunsa kusan ɗaya ne da na jirgin da ka hau. Abin da ya sauya shi ne nisan da ake ci ba tare da sauka ba, da ƙarancin shan mai. Babban tsallen an yi shi ne kafin nan. Jiragen farko da suka sauka a Kano, guda uku na sojan saman Ingila, a farkon Nuwamban 1925, daga Masar suka taso, kuma kwanaki suka yi suna sauka suna tashi kafin su iso. Yau tsakanin Alƙahira da Kano bai kai awa 5 ba. Gajeren zangon jiragen wancan zamani shi ya ɗaga darajar filin jirgin Kano a shekarun 1940 da 1950, lokacin da jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka ke sauka a nan shan mai bayan sun tsallake Sahara.

Tun da na ambaci salla, bari in ƙara wannan. Lokacinta yana bin ranar wurin da kake, ba agogon hannunka ba. Idan ka nufi gabas kana tarar rana ne, dare sai ya gajarce. A jirgin 12:30 daga Addis, alfijir zai same ku a saman tekun Larabawa bayan kimanin awa uku da rabi zuwa huɗu da tashi, kuma tsakaninsa da fitowar rana ba zai kai awa ɗaya ba. Ga shi a lokacin an rufe tagogi an kashe fitilu, mutane suna barci. Ka yi alwala da wuri, ka riƙa ɗaga marufin taga kaɗan kana dubawa. A dawowa kuwa kuna gudun rana ne, awa 11 ɗin kusan duk cikin duhu za ku yi su, sai gab da Addis gari zai waye. Ina jin wannan dogon daren yana cikin abin da ya sa jikinka ya gane gaskiya tun kafin lissafi.

Abu biyu ƙanana kafin tafiya ta gaba. Lambar filin jirgin Kano KAN ce, ta Guangzhou kuma CAN, daga tsohon sunan da Turawa ke kiran birnin, Canton. Harafi ɗaya ya raba su, don haka idan an liƙa wa jakarka takarda a wurin awo, ka karanta da idonka kafin ta shige. Na biyu shi ne kwanan wata. Jirgin da aka rubuta masa Talata 00:30, ranar Litinin da daddare ake zuwa filin jirgi, kuma mutane da dama sun rasa jirgi a kan wannan, sun iso bayan kwana guda da tashinsa. A nan lissafinmu na gida zai taimake ka: yadda daren Juma'a yake nufin daren da za a wayi gari Juma'a, haka 00:30 na Talata yake daren Talata, wanda ke shiga da magaribar Litinin. Ga mai zuwa tararka a Kano kuma, lokacin saukar da ke tikiti ka ba shi yadda yake, 12:30 na rana, kada ka ƙara kada ka rage, domin shi wannan da agogon Kano aka rubuta shi.